Kolestarol ɗinsa "lafiya lau", to me ya kawo bugun zuciya?

Ga tambayar da wani bawan Allah ya aiko: "Yayana ɗan shekara 52 ne, yana da ciwon suga da hawan jini. Wata uku da suka wuce ya yi gwajin kitsen jini, takarda ta nuna jimillar kolestarol 5.0, HDL 0.8, TG 2.6, LDL 3.0, aka ce masa kolestarol ɗinsa lafiya lau. Makon jiya da asuba ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya rufe shi, muka kai shi asibiti cikin awa ɗaya. An ɗebi jini an yi gwajin taroponin, aka ce ba a ga komai ba. Bayan awa shida aka ce mu sake biyan kuɗin wannan gwajin dai, sai ga shi ya hau, likita ya ce bugun zuciya ne. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma wane gwaji ne mai gaskiya a ciki? Ko dai lab ne ya yi kuskure?"

Malam, sannunku da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa kaffara ne. Gwajin sinadaran jini shi ne aikina, kuma irin wannan tambaya tana yawan riskarmu a bakin taga, wani lokaci cikin ɓacin rai. Bisa abin da ka bayyana, babu gwajin da ya yi ƙarya a cikin ukun. Likitan da ya sa aka maimaita taroponin ya yi abin da ya kamata, ƙila ma maimaicin ne ya hana a sallame shi gida da maganin olsa. Inda nake da ja shi ne maganar da aka faɗa masa wata uku da suka wuce. Ga mutum irinsa, waɗannan lambobi ba na lafiya lau ba ne. Bari in fara da taroponin, tunda shi ya fi tsaya muku a rai.

Taroponin wani furotin ne da ke cikin ƙwayoyin tsoka, yana daga cikin abin da ke sa tsoka ta matse ta saki. Wani masani ɗan Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi a shekarun 1960. Nau'insa uku ne, T da I da C, amma T da I kawai muke aunawa, saboda irin waɗanda ke cikin zuciya sun sha bamban da na tsokar cinya ko ta dantse, ana iya rarrabe su. Mai lafiya ɗan burbushi kawai ke cikin jininsa. Idan jijiyar da ke shayar da wani sashe na zuciya ta toshe, ƙwayoyin wurin suka rasa iskar oksijin suka fara mutuwa, sai taroponin ya tsiyayo cikin jini. Sai dai ba nan take yake taruwa har na'ura ta gan shi ba. Kamar ruwan sama ne da aka tafka can kan tudu: na bakin kogi ba zai ga kogi ya kawo ba sai an jima, alhali ruwan ya riga ya sauka. Da gwajin da aka saba, sai bayan awa 3 zuwa 6 da fara ciwon yake bayyana, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, sannan ya riƙa sauka sannu a hankali. Taroponin I yakan ɗauki mako guda zuwa kwana 10 kafin ya koma yadda yake, na T kuwa har mako biyu.

Ku kuma cikin awa ɗaya kuka isa. Saurin da kuka yi shi ya sa jinin farko ya fito babu komai, kuma wannan saurin shi ake so. Kada wani ya karanta wannan ya ce bari ya jira a gida har gwaji ya nuna. Jiran a asibiti ake yin sa, inda ido ke kan majinyaci.

Akwai kuma bambanci babba tsakanin gwaji da gwaji, duk da sunan da ke kan takarda ɗaya ne. A ƙananan ɗakunan gwaji da yawa, abin da ake da shi ɗan kati ne irin na gwajin maleriya: a ɗiga jini, a jira kamar minti 15, a duba ko layi ɗaya ne ko biyu. Wannan katin ba ya nuna layi na biyu sai taroponin ya taru sosai, don haka "ba komai" ɗinsa a awannin farko ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. Manyan na'urori kuwa lamba suke bayarwa, kuma sababbin cikinsu, waɗanda ake rubuta wa hs a gaban sunan gwajin, suna iya ganin ɗan burbushin da ke jinin mai lafiya ma. Da irinsu ana iya maimaitawa bayan awa 1 zuwa 3 a yanke hukunci. Yadda ake tsayar da iyaka shi ne, a tara masu lafiya da yawa a auna su, a ɗauki lambar da mutum 99 cikin 100 suke ƙasa da ita. Ga taroponin T na hs, lambar da aka fi amfani da ita 14 ng/L ce. Na I kuwa kowane kamfani da tasa iyakar, shi ya sa ba a ɗaukar sakamakon wannan lab a gwama da na wancan. Wanda aka ce ya maimaita, ya maimaita a inda aka yi na farko, da na'ura ɗaya. A lura da ma'aunin da aka rubuta kuma: 0.014 ng/mL da 14 ng/L abu ɗaya ne, sai dai wanda bai sani ba zai ɗauka an ninka sau dubu.

Abin da likita ke nema a jini na biyu shi ne motsi. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na duniya suka sabunta a 2018 ta ce ba a kiran abu bugun zuciya sai an ga taroponin ya hau ko ya sauka tsakanin gwaji biyu, aƙalla ɗaya daga cikinsu ya haura iyaka, sannan ga wata shaida cewa jini ne ya yanke wa zuciya: irin ciwon da mutum ya bayyana, ko canji a takardar ECG, wato gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji a zana yadda zuciya ke harbawa, ko hoton zuciya. Dalilin wannan sharaɗi shi ne taroponin yana faɗa mana tsokar zuciya ta ji rauni, amma ba ya faɗin abin da ya ji mata raunin. Mai ciwon ƙoda da ya daɗe, musamman wanda ake wa wankin ƙoda, yakan zauna da taroponin a sama kullum, yau da gobe lamba kusan ɗaya. Mai gazawar zuciya, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa, da wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu, da mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda jininsa ya yi ƙasa matuƙa, duk ana iya samun nasu ya hau ba tare da jijiyar zuciya ta toshe ba. Ashe ke nan lamba ɗaya tak ba ta isa a ce e ba, ba ta kuma isa a ce a'a ba. Kuɗin gwaji na biyu ba kuɗin ɓata ba ne, shi ne ya ba na farko ma'ana.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe fiye da duk bayanin jini, ko da yake ba a ɗakina ake yin sa ba. Mai ciwon ƙirji, abin da ya kamata a fara yi masa shi ne ECG, cikin minti 10 da isowarsa. Akwai irin bugun zuciya da jijiya ke toshewa ruf, ana ganin sa ƙarara a takardar ECG, kuma shi ba a jiran taroponin kafin a fara magani. Allurar da ke narkar da gudan jini ta fi aiki a awa biyu zuwa uku na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta ya ragu ƙwarai. Duk asibitin da ya ajiye mai ciwon ƙirji yana jiran sakamakon jini bai ɗora masa wayoyin ECG ba, ya sa abu a baibai. Masu ciwon suga da mata da tsofaffi kuma ba kullum ciwon ke zuwa musu a ƙirji ba. Wani zafin saman ciki zai ce, wani amai, wani kasala da sarƙewar numfashi, wani ciwon muƙamuƙi ko kafaɗa. Nan ne ake yawan cewa olsa ce, a tsaya a kemis.

Ƙila ka ga wasu sunaye a takardarsa, irin su CK da CK-MB da LDH da AST. Tsofaffin gwaje-gwajen gano bugun zuciya ne. AST aka fara amfani da shi a 1954, daga baya LDH da CK suka biyo, sannan CK-MB a shekarun 1970. Matsalarsu ita ce ba zuciya kaɗai ke da su ba. AST yana hanta, LDH yana kusan ko'ina har cikin jajayen ƙwayoyin jini, CK kuma ya cika tsokar jiki. Manomin da ya wuni yana huɗa, ko ɗan dako, ko wanda aka yi wa allura a ɗuwawu kafin a kawo shi asibiti, duk CK ɗinsu zai hau zuciyarsu kuwa lafiya ƙalau. Mu baƙar fata ma, musamman maza, CK ɗinmu na yau da kullum ya fi na Turawa, alhali iyakar da ke kan takardun sinadarai da yawa da jinin Turawa aka tsayar da ita. Wani likitan Jamus, Hugo Katus, shi ya ƙirƙiro gwajin taroponin T a jami'ar Heidelberg a shekarun 1980, kuma tun 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka ɗora taroponin a gaba. Ɗan amfanin da ya rage wa CK-MB shi ne yana komawa daidai cikin kwana 2 zuwa 3, don haka idan ciwo ya dawo a makon farko yana iya taimakawa. A ganina, inda akwai taroponin, sa talaka ya biya kuɗin AST da LDH da sunan gwajin zuciya ɗora masa nauyi ne babu dalili.

Kuskuren lab kuwa yana faruwa, kuma yawancinsa tun kafin jini ya shiga na'ura ne. Idan aka zuƙi jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka girgiza kwalba, jajayen ƙwayoyin su kan farfashe, ruwan jinin ya fito jajaja, wannan yana ɓata sakamako a wasu na'urori. Idan ba a rubuta lokacin da aka ɗebi jini a jikin kwalba ba, an rage wa gwajin rabin amfaninsa. Ƙwayar biyotin da ake sha da yawa don gyaran gashi da farce tana iya sa taroponin ya fito ƙasa da gaskiyarsa a wasu na'urori, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2017. Daga ɓangarenku, taimakon da ya fi kowanne shi ne ku faɗa wa likita ainihin lokacin da ciwon ya fara, ko da kiran sallah ne ko bayan an idar, da duk abin da majinyaci ke sha, har na gargajiya.

To, mu koma kan takardar kitse. Kolestarol ba guba ba ne. Jiki ne da kansa ke haɗa mafi yawansa, musamman a hanta, yana gina bangon ƙwayoyinsa da shi, yana yin ruwan matsarmama da wasu sinadaran haihuwa da shi. Tunda maiƙo ne ba ya narkewa a jini, sai a cikin wasu ƙananan ƙunshi yake yawo. LDL shi ne ƙunshin da ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yana kutsawa cikin bangon jijiya ya maƙale. HDL yana kwaso wani ya mayar hanta. TG, wato tiraigilisarai, shi ne kitsen da jiki ke ajiyewa don ƙarfi, kuma suga da lemon kwalba da yawan tuwo da shinkafa da giya suna ɗaga shi kamar yadda maiƙo ke ɗaga shi. Abin da ya maƙale a bangon jijiya shekaru yake yi yana taruwa, mutum bai ji komai ba. Ranar da fatar da ta lulluɓe shi ta tsage, jini ya daskare a wurin cikin mintoci, jijiya ta toshe. Wannan shi ne abin da ya faru da asubar nan. Gwajin kitse ba ya leƙa jijiya ya ga ko ta cushe. Abin da yake yi shi ne taimaka wa likita ya kimanta haɗarin da mutum ke ciki nan da shekara 10, ilimin da ya samo asali daga binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, inda aka riƙa bin lafiyar dubban mutane shekara da shekaru. Kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da shekaru da hawan jini da suga da taba da tarihin dangi. Siriri ma ba ya tsira don sirantarsa.

Yanzu ɗauko takardar yayanka. A gefen jimillar kolestarol za ka ga an rubuta iyaka, galibi ƙasa da 5.2 mmol/L. Nasa 5.0, sai wanda ya duba ya tsaya nan ya ce lafiya. Amma jimilla tana ɓoye abubuwa. HDL ɗinsa 0.8 ne, ga namiji kuwa ƙasa da 1.0 ya yi kaɗan. TG ɗinsa 2.6, ana son sa ƙasa da 1.7. Wannan haɗin, TG a sama HDL a ƙasa, shi ne wanda muka saba gani a jinin masu ciwon suga, kuma yakan zo da ƙunshin LDL ƙanana masu yawa, waɗanda suka fi saurin shiga bangon jijiya. Sai LDL 3.0. Ga saurayi ɗan shekara 25 da ba shi da wata cuta, babu mai ɗaga masa hankali a kan 3.0. Ga ɗan shekara 52 mai suga da hawan jini, ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 tana son LDL ƙasa da 1.8, wanda kuma ya taɓa samun bugun zuciya, kamar shi a yanzu, ƙasa da 1.4. Ƙa'idar Amurka ma ta ce mai ciwon suga ɗan shekara 40 zuwa 75 a ba shi maganin rage kolestarol da ake kira sitatin, ko da kolestarol ɗinsa bai haura iyakar da ke kan takarda ba. Iyakar da na'urarmu ke bugawa ɗaya ce ga kowa, ba ta san shekarun mai jini ba, ba ta san yana da suga ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutane da yawa suna karɓar takarda a taga, su tambayi na kusa, a ce musu babu wanda ya fita layi, su naɗe ta su sa aljihu ba su koma wa likita ba. Nazarin da aka yi ta haɗa manyan gwaje-gwajen sitatin ya nuna duk 1 mmol/L da aka rage na LDL yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba na cewa da an ba shi magani wata uku da suka wuce da abin bai faru ba, Allah ne masani, taruwar kuma ta shekaru ce. Amma takardar nan tana ɗauke da gargaɗi, ba a karanta masa ba.

Wani abin da mutane ba su sani ba, LDL ɗin da ke kan yawancin takardu ba auna shi aka yi ba, lissafo shi aka yi. Dabarar Friedewald ce ta 1972: a ɗauki jimilla, a cire HDL, a cire TG da aka raba da 2.2. Gwada da na yayanka: 2.6 a raba da 2.2 ya ba da kusan 1.2, a cire shi da 0.8 daga 5.0, saura 3.0. Daidai da abin da aka rubuta masa. Lissafin yana aiki idan TG bai yi yawa ba. Da zarar ya haura 4.5 ba a amfani da shi sam, sai a auna LDL kai tsaye. Ko kafin ya kai nan ma, idan TG ya ɗaga, lissafin yakan nuna LDL ƙasa da gaskiyarsa. Shi ya sa ga masu suga na fi son wata lamba da kowa zai iya fitarwa da kansa ba tare da ƙarin kwabo ba: jimilla a cire HDL. Abin da ya rage shi ne duk kolestarol ɗin da ke iya maƙalewa a jijiya. Nasa 4.2 ne, ana kuma son na irinsa a yanzu ƙasa da 2.2.

A kula da ma'auni a nan ma. Wani lab mmol/L yake rubutawa, wani mg/dL. Don a mayar da kolestarol daga na farko zuwa na biyu ana ninkawa da 38.7, TG kuma da 88.6, wato 5.0 ɗin nan kusan 193 ne a wata takardar. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda aka fi bin tsarin Faransa, sau da yawa g/L za ka gani, kuma 2.0 g/L daidai yake da 200 mg/dL. Mai zuwa jinya tsakanin Maraɗi da Kano ya lura da wannan kafin hankalinsa ya tashi.

A cikin ɗakin gwaji, ga yadda abin yake. Jinin da aka zuba a kwalba ana barin sa ya daskare, a sa shi a na'urar da ke juya shi da gudu, ruwan ya taso sama garai-garai, launin rawaya mai haske. Wani lokaci tun a nan muke ganin matsala da ido: ruwan ya fito fari, ba a hango komai ta cikinsa, idan ya kwana a firij ma maiƙo ya taso ya kwanta a samansa. Wannan TG ne ya yi mugun yawa, kuma idan ya haura 10 tsoronmu na farko kumburin fankiriyas ne, gaɓar da ke samar da insulin, ciwon ciki mai tsanani da ke iya kisa. Daga nan ana ɗiga ɗan ruwan jinin cikin sinadari, ya rikiɗe zuwa ruwan hoda, na'ura ta auna kaurin launin ta mayar da shi lamba. Sinadaran nan sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda wuta ke ɗaukewa firij ya wuni a kashe, sinadari yana raunana, launi ya ƙi kamawa sosai, lamba ta fito ƙasa da gaskiya, mai jini ya tafi yana murna. Maganin wannan shi ne lab ya riƙa gwada wani ruwa da aka riga aka san lambarsa kowace rana kafin ya taɓa jinin mutane. Kana da haƙƙin ka tambaya ko suna yin haka, kuma a Najeriya ka duba ko wurin yana da rajista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwajin asibiti. Ko a lab mai kyau, jikin mutum kansa yana sauyawa, TG na iya bambanta da kashi 20 cikin 100 tsakanin wannan mako da wancan, don haka ɗan bambanci tsakanin takarda biyu ba kuskure ba ne.

Batun zuwa da yunwa kuwa, a da dole ne a ƙaurace wa abinci awa 9 zuwa 12, ruwa kawai za a sha. Tun 2016 masana a Turai suka ce ga yawancin mutane ba sai an yi haka ba, saboda abinci ba ya taɓa jimilla da HDL sosai, TG ne kawai ke ɗan hawa. Idan TG ya fito sama da 4.5 sai a maimaita da yunwa. Wannan sauƙi ne ga mai suga da ke shan magani ko allurar insulin, wanda zaman layi babu karin kumallo zai iya kayar da shi. A zauna minti 5 kafin a ɗebi jinin, kada kuma robar da aka ɗaure hannu da ita ta wuce minti ɗaya. Kwanakin naman babbar Sallah ba lokacin gwajin TG ba ne. Mai ciki, da mai cutar ƙodar da ke zubar da furotin a fitsari, da wanda ƙullin tayiroid ɗinsa da ke wuya ya yi sanyin aiki, duk kolestarol ɗinsu yana hawa, sai a nemi tushen.

Ga wani tarko da ke gabanku a yanzu. Bayan bugun zuciya, ko duk wata babbar rashin lafiya, kolestarol yakan faɗi da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya yi makonni a ƙasa. Idan kuka gwada shi a wannan makon kuka ga lamba mai kyau, kada ta ruɗe ku. Gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda za a yi mako 4 zuwa 12 bayan ya fara sitatin. Idan a lokacin LDL ya sauka, maganin ne ya saukar da shi, ranar da ya daina sha kuwa zai koma inda ya fito cikin 'yan makonni. Mutane da yawa a nan suke yanke magani, wai sun warke.

Ƙila nan gaba likita ya rubuta masa wani gwajin, BNP ko NT-proBNP. Wannan wani sinadari ne da zuciya ke fitarwa idan ta cika ta miƙe fiye da kima, an fara gano shi a Japan a 1988. Ana yin sa ne idan mutum yana haki ko ƙafarsa ta kumbura, ana so a san ko zuciya ce ta gaza. Ƙarfinsa ya fi yawa wajen wanke zuciya daga zargi: wanda aka kawo cikin gaggawa yana haki, NT-proBNP ɗinsa ya fito ƙasa da 300 pg/mL, ko BNP ƙasa da 100, da wuya a ce gazawar zuciya ce. Tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga shi, ƙiba kuma tana rage shi. A ƙasarmu ina ganin wannan gwaji ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, domin abin da ya fi kwantar da masu ciwon zuciya a asibitocinmu gazawar zuciya ce, wadda hawan jini ke kan gaba wajen haddasawa. Ga kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda likitoci Davidson da Parry suka bayyana a Zariya tun shekarun 1970, suka alaƙanta ta da kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a sassan Najeriya ya tabbatar cutar ta fi yawa a arewa maso yamma, amma bai samu waɗannan al'adu su ne sanadi ba, abin da ya fi fitowa shi ne rama da rashin abin hannu da hawan jinin masu ciki. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda haki, ƙafa ta kumbura, tana tari da dare, a kai ta a duba zuciyarta, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Saura kai da sauran 'yan'uwansa, Malam. Idan ɗan'uwa namiji na jini ya samu bugun zuciya kafin shekara 55, ko mace kafin 65, wannan kansa yana cikin abin da likita ke ƙirgawa a haɗarinku. Kowannenku ya je a auna masa hawan jini da suga da kitsen jini, ya kai wa likita takardar, ya kuma faɗa masa abin da ya sami yayanku da shekarunsa. Mai shan taba a cikinku ya bari. Idan da hali, akwai gwajin Lp(a), wani nau'in ƙunshin kitse da gado ne kusan kaɗai ke tsayar da yawansa, abinci da motsa jiki ba su cika taɓa shi ba, kuma yakan fi yawa a jinin 'yan Afirka. Sau ɗaya a rayuwa ya isa, sama da 50 mg/dL ana ɗaukar sa ƙarin haɗari, sai a ƙara tsananta wa LDL da hawan jini. Idan kuma aka samu wani a cikinku LDL ɗinsa ya kai 4.9 ko fiye, a yi zargin hawan kolestarol na gado, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250. Wanda ke da shi, kowane ɗa da ya haifa yana iya gadonsa rabi da rabi, don haka a gwada yaransa tun kafin su kai shekara 10, ko da kuwa babu wanda ke ƙorafin komai a cikinsu.